Ƙwaya Bashi Ce, Ƙwaƙwalwa Ke Biya

Cikakken jawabin da aka gabatar gaban taron ƴan kasuwa da ma'aikatan gwamnati a Zermu, cikin jahar Damagaram, a kan shaye-shaye da hanyoyin maganinsa.



Maganar da ta tara jama'a yau magana ce da ta taɓa gidaje masu yawa, ko da yake kaɗan ne ke yarda a yi ta a bainar jama'a. Idan yaro ya kwanta da zazzaɓin cizon sauro, uwarsa kan shaida wa maƙwabta, a zo dubiya, a kawo kunu. Idan kuwa ƙwaya ce ta kama shi, sai a ja ƙyaure, wanda ya tambaya a ce masa ya tafi cin rani. Wannan ɓoyo shi ne ya bar cutar ta yi jijiya, daga Birni da Zango na cikin Damagaram har ƙauyukan Mirya. A shekarar 2021 Aisha Macky, ƴar asalin Damagaram, ta fito da fim mai suna Zinder a kan rayuwar samarin unguwar Kara-Kara da ƙungiyoyinsu da ake kira "palais", duniya ta kalla ta yi ta magana. Amma wanda ya ɗauka cewa abin ya tsaya a unguwa guda ya ruɗi kansa, domin ƙwaya ta shiga gona, ta shiga tasha, ta shiga biro, ta shiga ɗakin matar aure.

Yadda ta shigo kasuwa

Dattawan kasuwa ba su manta da watan Janairun 1994 ba, lokacin da aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Maganin da ake sayowa daga waje ya yi tsada, talaka ya ja da baya daga farmasi, masu tallan magani a tire da bayan keke suka yawaita. Ta wannan ƙofa ce daga baya tramol ya bi ya shigo.

Tramol, wanda likitoci ke kira tramadol, asalinsa maganin ciwo ne na gaskiya. Kamfanin Grünenthal na ƙasar Jamus ya haɗa shi a 1962, ya fara sayar da shi a 1977. Ɗan'uwan mofin ne, maganin da ake samu daga tsiron ofiyam. Ƙwayar da likita ya saba rubutawa tana ɗauke da miligiram 50 ko 100, kuma ƙa'ida ita ce kada babban mutum ya wuce miligiram 400 a yini. Wadda ke yawo a kasuwannin Afirka ta Yamma kuwa, akasarinta daga Indiya, an buga mata 120, ko 200, ko 225, har 250. Ashe wanda ya jefa biyu masu 200 ko fiye cikin shayin safe ya riga ya kai iyakar yini ko ya tsallake ta tun rana ba ta yi zafi ba.

A watan Satumban 2017 jami'an Nijar sun kama ƙwayoyi fiye da miliyan 3 cikin kwalaye masu tambarin Majalisar Ɗinkin Duniya na jabu. A 2018 Indiya ta sa tramol cikin magungunan da dokarta ke tsarewa, a shekarar kuma Najeriya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da haɗa shi. Sai ƴan fataucin suka sauya haja: a 2025 wani binciken BBC ya nuna yadda ake aiko da wata ƙwaya mai haɗin tapentadol, wadda ta fi tramol ƙarfi. Binciken da aka yi a Najeriya aka fitar a farkon 2019 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 4.6 ne suka sha irin waɗannan magungunan ciwo ba bisa ƙa'ida ba cikin shekara guda. Wanda ya san yawan motocin da ke bin hanyar Matamaye da Daura zuwa Kano ya san cewa gemun maƙwabci ne ya kama da wuta.

Akwai wani labari da ke nuna zurfin abin. A 2013 wasu masana suka ba da sanarwar cewa sun gano tramol a cikin saiwar tafashiya a Kamaru, har aka fara cewa itacen ne ke yin sa. Shekara guda bayan haka masanan jami'ar Dortmund ta Jamus suka bi diddigi, suka nuna cewa saiwar ta tsotse shi ne daga ƙasa, domin a arewacin Kamaru mutane na sha, suna kuma bai wa shanun noma, fitsari yana zuba a ƙasa. Ƙwaya ta yi yawa har itatuwa sun sha.

Abin da ke faruwa cikin kai

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana ɗauke da ƙananan jijiyoyi kimanin miliyan dubu 86, kuma ba a manne suke da juna ba. Tsakanin kowace da ƴar'uwarta akwai ɗan rata, sai ta aika da wani sinadari ya ƙetara ya isar da saƙo, kamar yadda ɗan aike ke kai magana daga rumfa zuwa rumfa. Ɗaya daga cikin waɗannan ƴan aike shi ake kira dofamin. Aikinsa shi ne ya ce wa mutum: wannan abu yana da amfani, riƙe shi, koma masa. Shi ke motsawa idan mai ƙishirwa ya sha ruwan randa, ko ɗan kasuwa ya ƙirga ciniki ya ga riba, ko uwa ta ji dariyar jaririnta. Da wannan hanya Allah ya sa bawa yake neman abin da zai raya shi.

A 1954 wasu masana biyu, James Olds da Peter Milner, a jami'ar McGill ta Kanada, suka sa siririyar waya a wannan sashe na ƙwaƙwalwar ɓera, suka ba shi wani ɗan ƙarfe da idan ya taka zai ji motsin wuta kaɗan a wurin. Ɓera ya dinga takawa ɗaruruwan sau cikin awa guda, kuma gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna yakan bar abinci saboda takawar. Abin da waya ta yi wa ɓera shi ƙwaya da giya da wiwi ke yi wa mutum. Kowannensu da hanyar da yake bi, amma duk a mashaya ɗaya suke haɗuwa: su sa dofamin ya kwararo fiye da yadda abinci ko riba ko iyali za su iya sa shi.

Ƙwaƙwalwa kuwa ba ta son ambaliya. Idan aka dinga yi mata haka, sai ta rage ƙofofin da ke karɓar saƙon, ta kuma rage abin da take yi da kanta. Daga nan abubuwa biyu ke biyowa. Na farko, ƙwaya ɗaya da ke isa da can ba ta isa yanzu, sai biyu, sai huɗu. Na biyu, wanda ya fi muni, daɗin sauran abubuwan duniya yana dushewa. Tuwo ya zama babu ɗanɗano, hira da abokai ta zama nauyi, kukan ɗansa ya zama hayaniya. A wannan mataki mashayi ya daina sha don ya ji daɗi, yana sha ne don ya ji kamar sauran mutane.

Ƴan kasuwa sun fi kowa saurin gane wannan lissafi, domin lissafin bashi da ruwa ne. Ɗan kabu-kabu da ke son ya kwana yana aiki, da mai turin baro, da manomi a tsakiyar damina, da saurayin da ya tafi haƙar zinariya bayan da aka gano ta a Jado a 2014, duk abu ɗaya suke faɗi: ƙwaya na ba su ƙarfi. Gaskiyar magana ita ce babu ƙwayar hatsi ɗaya ta ƙarfi a cikinta. Abin da take yi shi ne ta tare ɗan aiken da ke kawo labarin gajiya da ciwo, jiki kuwa yana can yana ƙarewa. Ƙarfin gobe ne aka ranto aka kashe yau, gobe kuma sai a ranto na jibi da ƙari, har ranar da ruwan bashi ya cinye uwar kuɗi.

Akwai kuma sashen da ke bayan goshi, wanda shi ne linzamin mutum: shi ke auna abu, ya tuna da gobe, ya ce a dakata. Wannan sashe ba ya gama nuna sai mutum ya kai wajen shekara 25, shi ya sa wanda ya fara sha yana ɗan shekara 14 ya fi shiga haɗari nesa da wanda ya fara da girmansa. Hotunan ƙwaƙwalwa da likitoci irin su Nora Volkow ta Amurka suka ɗauka sun nuna aikin wannan sashe yana raunana ga wanda ya daɗe yana sha. Doki ya ƙara ƙarfi, linzami ya tsinke. Wannan ne ya sa yaro zai rantse da Alƙur'ani gaban mahaifinsa da safe, yana hawaye, da zuciya ɗaya, la'asar na yi a gan shi wurin mai tire. Sau da yawa ba ƙarya ya yi ba. Ƙwaƙwalwarsa ta riga ta ɗaure ƙwaya da wurin zaman, da ƙamshin shayi, da fuskar abokan fada, ganinsu kawai ya isa ya tayar da ƙishirwar.

Kowace da irin ɓarnarta

Tramol idan ya yi yawa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kuma da yawa daga cikin samarin da ake cewa iska ta buge su a kan moto wannan ne ya same su. Yana kuma rage numfashi, musamman idan aka haɗa shi da giya ko ƙwayar barci irin su diyazefam, har mutum ya yi barcin da ba a tashi.

Giya tana ƙarfafa sinadarin da ke kwantar da jijiyoyi, ta danne wanda ke tayar da su. Shi ya sa harshe ke nauyi, ƙafa ke tangaɗi, kunya ke fita. Wanda ya shekara da shekaru yana sha yakan rasa sinadarin bitamin B1, ya kai ga mantuwar da ba ta warkewa, ban da abin da ke samun hanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6, sauran kayan maye kuma kimanin dubu 600. A ƙasar Musulmi kamar wannan, mai shan giya a ɓoye yake sha, saboda haka a makare ake gano ciwonsa.

Sholisho da fetur da yara ke shaƙa suna cin rigar da ke lulluɓe da jijiyoyi, suna iya tsayar da zuciya ko a shaƙar farko. Wiwi ga wanda ya fara da ƙuruciya yana yawan sha yana ƙara haɗarin taɓin hankali. Zaƙami kuwa, tun kakanni an san aikinsa.

Mari ba magani ba ne

Idan abu ya gagari iyaye, hanya biyu suka fi bi: ko a kai yaro komisariya, ko a kai shi gidan mari. A watan Satumban 2019 ƴan sandan Kaduna sun fito da mutum fiye da 300 daga wani gida a unguwar Rigasa, da yawansu da sarƙa a ƙafa da tabon duka a baya. Wata guda bayan haka aka sake samun irinsa a Daura, nan kusa da iyaka. Iyayen da suka kai ƴaƴansu ba mugaye ba ne, mutane ne da suka rasa ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

Sai dai sarƙa ƙafa take ɗaurewa, ciwon kuwa a kai yake. Bayan haka, yanke sha farat ɗaya yana da nasa haɗari. Wanda jikinsa ya saba da giya, idan aka kulle shi, cikin kwana biyu zuwa huɗu yana iya fara karkarwa da gane-gane da jijjiga, kuma wannan hali yana kisa idan babu likita. Haka mai ƙwayar barci. Mai tramol kuwa zai yi kamar mako guda yana gumi da gudawa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci da firgita. Sannan ga wani tarko da mutane ba su sani ba: wanda aka tsare wata uku, jikinsa ya manta da sabo, ranar da ya fito ya sha adadin da ya saba sha da can, adadin nan na iya kashe shi. Makonnin farko bayan fita daga kurkuku suna cikin lokutan da mashayi ya fi mutuwa.

Yadda ake magani

Magani yana da matakai, kuma wanda ya tsaya a na farko ya ce ya gama kamar wanda ya yi shuka ne ya ƙi noma.

Matakin farko shi ne fitar da abin daga jiki a hannun likita. Mai tramol ana rage masa adadi sannu a hankali, a ba shi abin da zai sauƙaƙa ciwo da rashin barci. Mai giya ana ba shi maganin hana jijjiga na ƴan kwanaki da bitamin B1. Wanda numfashinsa ya yi ƙasa saboda ƙwaya irin ta ofiyam akwai allurar naloksan da ke farfaɗo da shi, in an kai shi da wuri.

Mataki na biyu shi ne tsare shi daga komawa. Tun 1965 likitoci biyu a New York, Vincent Dole da Marie Nyswander, suka nuna cewa maganin metadon, idan ana ba da shi kullum da awo, yana kashe ƙishirwar ba tare da maye ba, mutum ya koma aikinsa. Daga baya aka samu bufirenofin mai irin wannan aiki. Ga mai giya akwai naltireksan da akamfirosat masu rage sha'awa. Kada a ce wannan sai ƙasar Turawa: a watan Disamban 2014 Senegal ta buɗe cibiyar CEPIAD a asibitin Fann na Dakar, ta farko a Afirka ta Yamma da ke ba da metadon.

Mataki na uku shi ne zama da mutum a yi magana, a gano abin da ya kai shi, ko baƙin ciki ne, ko ciwon baya da ba a yi wa magani ba, ko zaman banza, a koya masa ya san lokutan da ƙishirwar ke taso masa da abin da zai yi in ta taso. A nan malamin addini mai haƙuri yana da babban gurbi. Malamai sun sani cewa haramcin giya ma a mataki-mataki ya sauka, daga Baƙara zuwa Nisa'i zuwa Ma'ida, kuma a cikin wannan akwai darasi ga mai son gyara ɗan Adam.

Mataki na huɗu shi ne wurin zama da sana'a, kuma tarihi ya nuna nauyinsa. Lokacin yaƙin Biyetnam, kimanin ɗaya cikin biyar na sojojin Amurka da aka bincika sun kamu da hiroyin. Masaniya Lee Robins ta bi su bayan sun koma gida, ta tarar kimanin kashi 5 cikin 100 ne kawai na waɗanda suka kamu suka sake kamuwa cikin shekarar farko. Sun bar wurin, sun bar abokan shan, sun koma cikin iyali da aiki. A nan Afirka ma, a 1954 likita Thomas Lambo ya fara wani tsari a Aro kusa da Abekuta, inda masu taɓin hankali ke zaune a ƙauyuka tare da danginsu suna karɓar magani, maimakon a kulle su. Gari irin Zermu, inda kowa ya san kakan kowa, yana da wannan jari a hannu.

Ya kamata kuma a sani cewa komawa ba faɗuwar magani ba ce. Ƙididdigar likitocin Amurka ta nuna tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin 100 na waɗanda aka yi wa magani kan sake tuntuɓe, kusan daidai da masu hawan jini da masu asma. Babu wanda ke korar mahaifinsa daga gida don jininsa ya sake hawa, gidan likita ake mayar da shi. Ƙwaƙwalwa tana gyaruwa, amma da watanni take ƙirga, wani lokaci shekara ko fiye.

Abin da ya rataya a wuyan kowa

Ga ƴan kasuwa: mai tire ba daga sama ya faɗo ba, yana da uban gida da ke ba shi kaya, yana da rumfar da yake ajiya, kuma shugabannin kasuwa sun san su. Ƙungiyar da ke iya hana algus a mudu tana iya hana wannan. Haka uban gidan da ke sa yaro aikin mutum uku yana kau da kai daga abin da yaron ke haɗiya, shi ma yana da kaso cikin bashin. Wanda kuma ya ɗauki saurayin da ya daina sha ya ba shi jiran shago ya yi aikin da allura ba ta yi.

Ga ma'aikata: tun 1999 Nijar take da dokar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, tana da ofishin OCRTIS mai farautar masu fatauci, wanda a 2021 ya kama tan 17 na wiwi a Yamai. Amma kwali ba ya tsallake shinge da ƙafarsa, kuma jami'in da ya karɓi ƴan jikkuna ya ɗaga sanda bai san ko ɗan wa zai haɗiyi kayan ba. Malamin lakwal shi ke fara ganin yaron da ke gyangyaɗi a aji, ma'aikacin likita shi ke fara ganin mai jijjiga. Tambaya cikin sirri da mutunci ta fi tonon asiri amfani.

Ga hukuma: kama babban dila wajibi ne, amma cika gidan kaso da ƙananan mashaya asarar kuɗin talaka ce. Bai kamata uba daga Zermu ya ga cewa sai ya sayar da akuya ya nufi babban asibitin Damagaram, ko Pavillon E na Yamai mai nisan kusan kilomita 900, kafin ɗansa ya sami mai sauraronsa ba. A horar da ma'aikatan ƙananan gidajen likita na karkara su iya matakin farko, a tanadi magungunan, a ware wa abin kuɗi a rubuce cikin kasafi.

Ga iyaye kuwa, magana ɗaya ce: a daina cewa ya tafi cin rani. A kama hannunsa a kai shi likita tun ƙwaya ɗaya yake sha, in ya faɗi a sake ɗaga shi, domin Bahaushe ya riga ya ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Allah ya shirya zuriya, ya ba marasa lafiya lafiya, ya ba shugabanni ikon riƙe amana.